SHARHI: Wutar Lantarki Cikin Motocin Kasuwanci, Riba Ce Ko Kasada?

Duk wanda ya bi hanyar Abuja zuwa Kaduna a 'yan shekarun nan, ya tsaya a Madalla a gindin Dutsen Zuma, ko ya shiga kasuwar IBB da ke Suleja, zai lura da wani sauyi da ya samu motocin 'yan kasuwa. A da, aikin mota shi ne ta ɗauki kaya ta kai, ta sauke, ta juyo. Yanzu kuwa motoci da yawa sun zama kantuna masu tafiya. Wata bas ɗin an cire mata kujeru an girke firiza ana raba kifi da kaji, wata a-kori-kura an ɗora mata lasifika ana tallar magani ko sabulu, wata kuma an mayar da ita wurin cajin wayoyi da hada-hadar kuɗi. A kan rufin wasunsu akwai faranti na sola, a ƙarƙashin kujerar direba kuma ga batir da inbata, wani lokaci har da ƙaramin janareta a ɗaure a baya.

Wannan ci gaba ne, kuma muna maraba da shi. Suleja gari ne da ya daɗe yana ɗauke da nauyin babban birnin ƙasa. Shi ne ya sallama tsohon sunansa na Abuja bayan da aka yanke shawarar kafa sabon birnin a 1976, kuma tun da gwamnati ta tare a can a watan Disamba na 1991, dubban ma'aikata da 'yan tireda suke kwana a Suleja suna yini a Abuja. Ga jama'a irin wannan, ɗan kasuwar da ya kai kayansa inda mai saye yake, ya riga abokan gasarsa. Bugu da ƙari, ko da yake Jihar Neja ce ke da madatsun Kainji da Shiroro da Zungeru, wutar da ke zuwa ta layi ba ta isa mutum ya dogara da ita shi kaɗai ba, tun zamanin NEPA har zuwa yau da kamfanin AEDC ke rarraba ta a wannan yanki. Tun kuma da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kunna janareta yini guda ya zama abin da ke cinye ribar ƙaramin ɗan kasuwa, shi ya sa mutane suka karkata ga batir da sola.

To amma akwai abin da ya kamata a faɗa, ko da ba zai yi wa wasu daɗi ba. Yawancin waɗannan motoci an haɗa musu wuta ne ba bisa lissafi ba. Mai mota zai zuba maƙudan kuɗi ya sayi firiza da inbata da batir masu tsada, amma idan aka zo kan waya da fiyus da ladan ƙwararren da zai haɗa su, sai ya fara neman mafi araha. Ra'ayinmu shi ne, a nan ne ake tafka babban kuskure, domin waɗannan ƙananan abubuwa da ake rainawa su ne ke tsaye tsakanin jarin mutum da gobara.

A ƙasashen da aka daɗe ana zama cikin mota, an riga an warware wannan matsala. A Amurka akwai motocin shaƙatawa da ake kira motar gida, masu gado da kicin da bayi, waɗanda iyali ke fita da su yawon hutu, kuma akasarinsu ana ƙera su ne a yankin Elkhart na Jihar Indiana. Tsarin wutarsu kashi biyu ne, kuma kowane kashi yana da nasa wayoyin da nasa akwatin kariya. Kashi na farko shi ne wutar batir mai ƙarfin bolt 12, wadda ke kunna fitilu da famfon ruwa da ƙananan na'urori. Na biyu shi ne wuta irin ta gida mai bolt 120, wadda ake jawowa daga turken wuta a masauki ko daga janareta, domin manyan kaya irin su na'urar sanyaya ɗaki. Tsakanin kashin biyu akwai caja mai mayar da wutar gida ta koma ta batir, akwai kuma inbata mai yin akasin haka. Sannan akwai makunni guda da ke tabbatar da cewa wutar turke da ta janareta ba za su taɓa haɗuwa a layi ɗaya ba. Turken masauki mai amfiya 30 yana ba da wat 3,600, kuma mai motar ya san haka, ya san cewa idan ya wuce nan wutar za ta yanke kanta.

Motar mai sayar da kifi a Suleja ba ta da gado da kicin, amma tsarin wutarta iri ɗaya ne da na motar gida, sai dai mu wutar layinmu bolt 230 ce. Bambancin kawai shi ne can injiniya ne ya zauna ya yi lissafi, nan kuwa sau da yawa ido da kintace ake bi.

Lissafin kuma ba mai wuya ba ne ga wanda ya saba da ciniki. Bolt shi ne ƙarfin turin wuta, amfiya ita ce yawan wutar da ke bi ta cikin waya, wat kuma shi ne aikin da take yi. Idan aka ninka bolt da amfiya, sai a sami wat. Saboda haka, kayan da ke cin wat 1,000 a wutar gida mai bolt 230 suna jan amfiya huɗu da 'yan kai ne kacal. Amma idan inbata ce za ta samar da wannan wat 1,000 ɗin daga batir mai bolt 12, abin da zai bi ta wayar batir ya haura amfiya 83, kuma idan aka ƙara da abin da inbatar ke ci da kanta, zai doshi amfiya 100. Wato kusan ninki ashirin ke nan. Mutane da yawa suna ɗaukar wutar batir tamkar abin wasa saboda ba ta jan mutum idan ya taɓa ta. Gaskiya ne ba ta ja, amma ita ce mai ƙona mota. Wayar gida mai kaurin murabba'in milimita 2.5 da ake jan soket da ita, abin da za ta iya ɗauka bai wuce amfiya ashirin da ɗoriya ba. Tsakanin batir da inbata mai wat 1,000 ana bukatar waya mai kaurin murabba'in milimita 25 ko fiye, gajera kuma, wadda aka matse bakinta da kyau. Duk siririyar wayar da aka sa a wannan gurbi za ta yi zafi, robarta ta narke, kuma a cikin mota babu inda za ta faɗa sai kan ƙarfe ko kan kujera.

A nan ne fiyus ke shigowa. Aikinsa shi ne ya ƙone kafin waya ta ƙone. Wurinsa kuma kusa da kan batir ne, a kan wayar da ke fita daga jan kai, tazarar da ba ta wuce taki ɗaya na hannu ba, domin duk tsawon wayar da ke tsakanin batir da fiyus ba ta da mai kare ta. Jikin mota gaba ɗayansa haɗe yake da ɗaya kan batir ɗin, don haka da zarar jijjigar hanya ta goge robar waya ta taɓa ƙarfe, batir zai zubo ɗaruruwan amfiyoyi cikin ƙiftawar ido. Abin takaici, al'ada ce a garejojinmu idan fiyus ya ƙone a naɗa masa zaren waya ko takardar azurfa ta kwalin taba a mayar, a ce an gyara. Fiyus ɗin da ya ƙone saƙo ya kawo cewa akwai ɓarna a wani wuri. Wanda ya ɗaure shi da waya ya kori ɗan aike ne, ɓarnar tana nan tana jiran ranarta. Haka nan a kula da wayar da ake saye, domin akwai ta jabu a kasuwa, wadda cikinta gorar ruwa ce aka shafa mata jan ƙarfe a sama, kuma ba ta ɗaukar abin da ta ainihi mai kauri ɗaya ke ɗauka.

Batun batir ma haka yake. Batir ɗin tayar da mota an yi shi ne don ya ba da wuta mai yawa na 'yan daƙiƙoƙi, sannan altaneta ta mayar masa. Idan aka ɗora masa firiza yana zuƙewa kullum, ba zai yi ƙarko ba, kuma wata rana zai bar direba a Tafa ko Sabon Wuse da kaya a mota ba ta tashi. Kayan kasuwanci suna bukatar nasu batir ɗin daban, irin na inbata mai jure zuƙa, tare da na'urar da ke raba shi da na tayar da mota idan an kashe inji. Shi ma yana da iyaka. Batir mai amfiya 200 a bolt 12 yana ɗauke da wutar wat 2,400 na awa guda, amma idan na dalma da ruwan asid ne, rabin wannan kawai ya kamata a ci in ana so ya daɗe, wato 1,200.

Bari mu ɗauki misali. A ce firiza mai wat 150 tana aiki awa 12 a yini, ta ci 1,800 ke nan. Fanka mai wat 50 na awa 8 ta ci 400. Ƙwan fitila biyu masu wat 10 na awa 5 sun ci 100, cajin wayoyi da na'urar cirar kuɗi kuma a ce 200. Jimilla 2,500. Batir guda mai amfiya 200 bai kai rabin wannan bukata ba, biyu ma da ƙyar, kafin a cire kason inbata. Farantin sola mai wat 300 kuwa, a rana mai kyau, abin da zai tara a zahiri bai cika wuce 1,200 ba, kuma ya kan ragu a watan Agusta saboda hadari, da lokacin hunturu saboda ƙura. Ɗan kasuwar da ya yi wannan lissafi a takarda kafin ya je kanti ya san batir nawa da faranti nawa zai saya. Wanda bai yi ba zai riƙa sayen sabon batir kowace shekara yana zargin mai kanti da sayar masa da jabu, alhali shi ne ya ɗora wa jaki kayan raƙumi. A kuma tuna cewa injin firiza yana jan ninkin wutarsa sau da dama a daidai lokacin tashi, don haka inbatar da aka saya daidai wa daida za ta riƙa yankewa.

Wurin ajiye batir ma abin lura ne. Batir mai ruwa yana fitar da iskar haidirojin lokacin caji, wadda ba ta da launi ko wari, kuma da zarar ta kai kashi huɗu cikin ɗari na iskar wuri, ƙaramin tartsatsi ya isa ya fasa ta. Saboda haka ba a rufe shi cikin akwatin da ba shi da mafitar iska, ba a kuma ajiye inbata a kansa. Zafi ma maƙiyinsa ne, kuma kowa ya san yadda cikin motar da aka kulle yake a watan Maris da Afrilu. Baturan litiyam da suka shigo kasuwa sun fi sauƙin nauyi, ana kuma iya cin kaso mafi yawa na wutarsu, amma dole su kasance da allon da ke sa ido kan cajinsu, tare da caja irin tasu. Waɗanda ake harhaɗawa a bayan kanti daga tsofaffin baturan kwamfuta, gara a nisance su. Idan za a kwance batir, a fara da baƙin kai, idan za a ɗaura kuma a ƙare da shi, kuma a cire zobe da agogon ƙarfe tukuna.

Idan aka juya ɓangaren wutar bolt 230, haɗarin ya koma kan rai kai tsaye. Mota a kan tayoyin roba take tsaye, ba ta haɗe da ƙasa. Idan aka jawo wuta daga wani kanti da doguwar waya mai zare biyu, babu zare na uku mai kai wuta ƙasa, kuma aka yi rashin sa'a wayar firiza ta goge ta taɓa jikinta, to jikin motar duka ya ɗauki wuta, babu kuma alamar da za ta nuna. Mai saye ne zai zo ya dafa ƙofa yana tsaye a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ko yaro mai talla ba takalmi, shi zai zama hanyar wutar zuwa ƙasa. Maganin wannan sananne ne: waya mai zare uku, a haɗa zaren ƙasa da jikin mota da jikin kowane kayan ƙarfe, sannan a sa na'urar yanke wuta mai jin ɗigon miliamfiya 30, wadda ke kashe layi kafin bugun zuciya ya rikice. Kuɗinta bai kai na kwali ɗaya na kifi ba. Haka kuma wajibi ne a sa makunnin sauya layi tsakanin wutar kamfani da ta inbata ko janareta, domin idan suka haɗu inbata za ta ƙone, ko kuma wutar ta koma ta layi ta sami ma'aikacin da ya hau turke yana zaton an ɗauke.

Masu shigo da motoci tokumbo su ma su yi hattara. Motar gida ko motar sanyi da ta fito daga Amurka an yi kayan cikinta ne don bolt 120 mai juyi 60 a daƙiƙa, tamu kuwa bolt 230 ce mai juyi 50. Wanda ya canja mata filogi kawai ya soka a soket, ya ƙona caja da firji a take. Taransifoma za ta iya rage ƙarfin wutar, amma ba ta canja yawan juyin, don haka injin da aka yi don juyi 60 zai yi tafiyar hawainiya ya kuma riƙa zafi. Kafin a biya kuɗin mota irin wannan, a karanta tambarin da ke jikin kowace na'ura, a lissafa kuɗin sauya su cikin farashi.

Sai janareta, wanda mutanen wannan yanki ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kansa. Ranar Asabar 18 ga Janairu 2025, wata tankar fetur ta kife a mahaɗar Dikko, cikin Ƙaramar Hukumar Gurara, 'yar tazara kaɗan daga Suleja. Bayanan hukumomi sun nuna cewa wuta ta tashi ne yayin da ake ƙoƙarin juye man zuwa wata tankar da taimakon janareta, ga kuma jama'a sun taru suna kwasar wanda ya malala. Sama da mutum 80 suka rasa rayukansu, Allah Ya jiƙansu. A garin da ke da ma'ajiyar mai a Maje, inda tankoki ke jere a bakin hanya, wannan darasi ne da bai kamata a manta ba. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasa ya bazu, kuma tartsatsin da ido ba ya gani ya ishe shi. Mai motar da ke ajiye jarkar mai kusa da inbata, ko yake zuba wa janareta mai yana aiki, ƙaramin Dikko yake ɗauke da shi. Ban da haka, hayaƙin janareta yana ɗauke da guba marar wari mai kashe mai barci ba tare da ya farka ba. Yaran mota da ke kwana a ciki suna gadin kaya su ne suka fi fuskantar wannan. Janareta wurinsa waje ne, nesa da taga da ƙofa. Kowace mota kuma ta kasance da tukunyar kashe gobara mai hoda, a inda hannu zai kai, domin ba a watsa wa gobarar lantarki ko ta fetur ruwa.

Mun san abin da za a ce. Wasu za su ce ɗan kasuwar da ke fama da tsadar mai da haraji da kuɗin hanya ba shi da rarar da zai kashe a kan waya mai kauri da na'urori. Wannan kuka yana da tushe, amma a auna shi da sikeli. Waya ta gari da fiyus da na'urar yanke wuta da ladan ƙwararre, duka ɗan kaso ne na kuɗin motar da kayan da ke cikinta, kuma sau ɗaya ake biya. Gobara kuwa ba ta barin komai, kuma inshorar da akasarin motocinmu ke da ita, wadda doka ta tilasta, ɓarnar da aka yi wa wani take biya, ba ta biyan mai mota asarar motarsa ko kayansa. Masu iya magana sun ce araha ba ta ado.

Wasu kuma za su ce duk kiran da aka yi na a sa ido, ƙarshensa sabon shinge ne a hanya da sabon hannu a aljihun direba. Wannan ma ba za mu musa ba. Amma akwai giɓi na gaske da ya kamata a cike. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, da jami'an duba lafiyar motoci, idonsu yana kan birki da taya da fitila da takardu. Hukumar NEMSA, wadda aka ba ta ƙarfin doka a 2015, ita ke da alhakin ingancin aikin lantarki da ba masu haɗa wuta shaidar ƙwarewa, amma hankalinta ya fi karkata ga gine-gine da layukan wuta. Motar da ta zama kanti ta faɗa tsakanin biyun. Shawararmu ita ce kada a fara da kame da tara. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na direbobi da na masu gyaran wayar mota a Suleja su ne suka san mambobinsu ɗaya bayan ɗaya. Su gayyaci hukumar NEMSA da jami'an kashe gobara na jiha su horar da wasu daga cikinsu, su fitar da gajeren jerin sharuɗɗa cikin Hausa da Gbagyi da Turanci, su kuma sa ya zama sai motar da ta cika su za ta sami wurin tsayawa a kasuwa ko tasha. Bankunan da ke ba da rancen sayen irin waɗannan kaya su ma su sa shaidar ƙwararre cikin sharuɗɗansu, tun da dukiyarsu ce a ciki.

Akwai kuma dama ga matasanmu a nan. Mai gyaran wayar mota ya san bolt 12 amma sau da yawa bai san ƙa'idar wutar gida ba, mai haɗa wutar gida kuma bai saba da jijjiga da zafin mota ba. Wanda ya haɗa ilmin biyun zai sami aiki daga Suleja zuwa Minna da Kaduna, kuma kwalejojin fasaha na jihar za su iya buɗe gajeren kwas a kan haka.

Kafin duk wannan ya tabbata, alhakin yana wuyan mai mota. Ya ɗauki takarda ya lissafa abin da kayansa ke ci. Ya buɗe wurin batir ya duba ko akwai fiyus na gaskiya a kusa da shi. Ya kunna kayansa na rabin awa, sannan ya dafa robar wayar batir, idan ta yi zafin da hannu ba zai jure ba, ya kashe ya kira masani a ranar, kada ya bari sai an dawo daga kasuwa. Allah Ya tsare mu da dukiyoyinmu, Ya sa albarka a nema.